Batirin Da Ba Ya Tari

Duk wanda ya ce babu manyan mutane a bakin koginmu, to bai taɓa ganin kawuna Injiniya yana saukowa tashar jirage da safe ba. Sauran masunta suna zuwa da wando naɗe zuwa gwiwa, suna warin kifin jiya. Shi kuwa farar riga ce a goge, da baƙin tabarau, da biro uku a aljihun gaba, da hular matuƙan jirgin ruwa wadda babu wanda ya san hukumar da ta ba shi. In ya taka katakon gadar tashar, har katakon ma sai ya yi 'yar ƙara ta girmamawa.

Injiniyancinsa ba na makaranta ba ne, wannan ai na ƙananan mutane ne. A kwana tara ya samo nasa. Shekara shida da suka wuce aka tura shi taron masunta a ƙasar waje, a madadin wani da ciwon haƙori ya kwantar. Ya tafi yana Kawu, ya dawo yana Injiniya. Tun daga ranar babu abin da za ka nuna masa wanda bai riga ya gani a can ba. In ka kamo kifi mai tsawon hannu, a can irinsa ake maƙalawa a ƙugiya don a kama na gaske. In aka yi ruwan sama, na can ya fi jiƙa mutum. Shi ya sa a bayan idonsa ake kiransa Na-Gani-A-Waje, a gabansa kuma Injiniya, yana amsawa da ɗaga yatsa ɗaya.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Bara na gama jami'a, lantarki na karanta, ina zaune a gida ina jiran aiki, sai Kawu ya naɗa ni mai ba shi shawara kan fasaha. Aikin ba shi da wuya. In tsaya a bayansa riƙe da fayil, in ya gama magana ya waiwayo ya ce, "Ko ba haka ba, Mai Digiri?" Kafin in buɗe baki ya riga ya juya. Yau kwana goma sha ɗaya da faruwar abin da zan faɗa muku.

Abu ɗaya ne ya rage wa Kawu a duniya: kujerar shugaban ƙungiyar masu jiragen kamun kifi. Kujerar roba ce, ƙafarta ɗaya ɗaure da waya, a ƙarƙashin rumfar kwano da ke bakin gaɓa. Amma mai ita shi ke raba wuraren ɗaure jirgi, shi ke tarbar baƙi daga ma'aikata, kuma shi ake ɗauka hoto. Sau biyu Kawu ya neme ta, sau biyu jama'a suka nuna ba su kai matsayin fahimtarsa ba. A karo na uku abokin takararsa wani dattijo ne da ake kira Sannu-Sannu, mutumin da gaisuwarsa kaɗai takan ci minti biyar, mai tsohon inji da ake ja da igiya, wanda in ya tashi sai hayaƙi ya rufe rabin tasha. Kawu ya ce takara da irin wannan mutum cin fuska ne, amma zai daure saboda al'umma.

Makamin da ya zo da shi a wannan karon batirin lityum ne.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, jirgi irin na Kawu inji biyu gare shi. Akwai babba na fetur a baya, mai tashi da makulli, shi ke kai ka wurin kifi ya dawo da kai. Akwai kuma ƙarami na lantarki da muke kira ɗan lallaɓa, wanda ake kunnawa in an isa, ya riƙa jan jirgi a hankali ba ƙara, don kada kifi ya watse. Kowanne da batirinsa. Dalili kuwa ko jaririn masunci ya san shi: in ɗan lallaɓa ya shanye nasa, na babban inji yana nan cike, ka murɗa makulli ka tafi gida. Batiran nan tsofaffin yayi ne masu ruwa, kowanne nauyinsa ya kai na buhun siminti, amma suna da hali ɗaya mai kyau. Ba sa mutuwa ba sallama. In wuta ta fara ja baya sai muryar ɗan lallaɓa ta yi ƙasa, ya fara nishi, ya fara abin da masunta ke kira tari. Da ka ji tari, ka san lokacin naɗe koma ya yi. Babu masuncin da ke duba agogon wuta a koginmu. Da kunne ake auna batir.

Ranar da kwalin ya iso, Kawu ya sa aka jera kujeru. Ya fito da wani shuɗin akwati, ya ɗaga shi sama da hannu ɗaya kamar wanda ya ci kofi.

"Jama'a, ku kalli gobe," in ji shi. "Wannan da kuke gani, a can ko jirgin sama da shi ake tayarwa. Ba ya shan ruwa. Ba ya tsatsa. Ba ya tari irin na tsofaffin batiranku da tsofaffin shugabanninku. Ku kuna ɗaukar batir biyu kamar jakai, ni ɗaya ya ishe ni. Shi zai tayar, shi zai lallaɓa. Ko ba haka ba, Mai Digiri?"

Ba haka ba ne. Na karanta takardar da ke cikin kwalin tun daga bango har bango. Batirin na kirki ne, ba shi da laifin komai, amma na ɗan lallaɓa ne, kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa a bar wa babban inji nasa dabam. An kuma rubuta cewa irin wannan batir ƙarfinsa ba ya raguwa a hankali. Yana aiki garau har sai ya kusa ƙarewa, sannan wani ɗan mai gadi da ke cikinsa ya rufe ƙofa gaba ɗaya don kada ya lalace. Shi ya sa aka haɗo shi da wani ɗan agogo mai ƙidaya abin da ya rage.

Da yamma na same shi a falo, na durƙusa, na yi masa bayani da murya mafi laushi da nake da ita. Ya saurare ni yana kaɗa ƙafa.

"Ka gama? To ka ji, ɗan nan. Takardar nan don waɗanda ba su taɓa fita waje ba aka rubuta ta. Shekarata talatin ina sauraron batir. Tun uwarka tana tallar goro da kunnen nan nake aiki. Yanzu agogon roba ne zai gaya mini abin da kunnena bai ji ba?"

Agogon ya ƙare a hannun jikarsa, tana wasan waya da shi.

Daga nan aka shiga gyaran jirgi. Tsofaffin batiran biyu aka sauke su. Da Kawu ya ga yadda jirgin ya ɗago daga ruwa, sai son sauƙin nauyi ya shige shi kamar zazzaɓi. Aka sauke dutsen da muke jefawa da igiya in za mu tsaya. Aka sauke gorar turawa. Filafilai biyu da suka rage, ya tsaya yana kallonsu da tausayi.

"Jirgin shugaba da filafili? Mutane su ce ban yarda da kayana ba? Fitar da su."

Kwana uku kafin zaɓe batirin ya shiga yaƙin neman ƙuri'a gadan-gadan. Kawu ya sa aka ja waya daga jirgi zuwa rumfa, duk mai wayar hannu ya zo ya yi caji kyauta. Mata masu soya kifi suka kawo fitilunsu. Mai shayi ya kawo rediyo. Wani ya kawo injin aski, aka yi wa mutum bakwai kwalkwabo da wutar ci gaba. Kowace safiya Kawu yakan kunna ɗan lallaɓa, ya sunkuya ya kara kunne, ya lumshe ido kamar likita, sannan ya miƙe ya sanar da jama'a, "Cike yake fal. Ko gyaran murya bai yi ba." Na ce masa a yi wa batirin caji. Ya ce in ya yi caji a gaban mutane, me ya bambanta shi da Sannu-Sannu?

Ranar zaɓe, ƙarfe huɗu na yamma aka sa. Dokar ƙungiya kuwa ita ce duk ɗan takara ya kasance a ƙarƙashin rumfa lokacin da za a kira sunansa, in ba ya nan ya faɗi. Da hantsi Kawu ya gayyaci dattawa biyu yawon gani da ido. Ɗaya tsohon Ma'aji ne, ɗaya kuma Dogon Baba, mai 'ya'ya da surukai goma sha huɗu a ƙungiyar, waɗanda duk inda ya ɗaga hannu nan suke ɗagawa. Ni aka sa ni a tsakiya da fayil. Ban iya iyo ba, Kawu kuma ya sani, amma ya ce a jirgin lityum ba a buƙatar wannan.

Babban inji ya tashi da murɗa ɗaya. Kawu ya kalle ni ta saman tabarau, na sunkuyar da kai. Muka haura kogi, muka zaga bayan tsibirin da ke sama da tasha. Da a ce ya bar injin yana aiki, da ya ɗan mayar wa batirin wani abu. Amma ba hayaniya ya kawo dattawa su ji ba. Minti goma da tashi ya kashe shi, ya sauke ɗan lallaɓa cikin ruwa.

Gaskiya abin ya yi daɗi. Jirgi yana tafiya kamar ana jansa da zare, ana jin kukan tsuntsaye, ana jin numfashin Ma'aji. Dogon Baba ya gyaɗa kai ya ce lallai zamani ya zo. Wannan gyaɗa kan shi ya kashe mu. Kawu ya ƙure wa ɗan lallaɓa wuta, ya kai mu gaba, ya dawo da mu baya, ya zaga tsibirin sau huɗu yana jawabi kan yadda a mulkinsa za a mai da igiyar jan inji abin tarihi. Lokaci-lokaci yakan ɗaga hannu a yi shiru, ya kara kunne.

"Kun ji tari?"

"Babu," in ji dattawa.

"Ba kuwa za ku ji ba."

A nan kam ya yi gaskiya. Wajen ƙarfe uku, yana tsakiyar kalmar "fasaha", ɗan lallaɓa ya tsaya cak, ba nishi ba sallama. Kawu ya yi murmushi ya ce injin ya gane lokacin komawa ya yi ne. Ya juya ya murɗa makulli. Ko ƙyas. Ya sake murɗawa. Ya cire makullin ya hura masa iska ya mayar. Ya ɗan bubbuga shuɗin akwatin da ladabi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar babban mutum.

"Mai Digiri," ya ce ƙasa-ƙasa, karo na farko a tarihi da ya jira amsata, "me yake yi?"

"Ya rufe kansa, Kawu. Sai an sa masa caja."

"To buɗe shi mana. Me ka karanta shekara biyar?"

Ma'aji ya tambayi inda batir na biyu yake. Dogon Baba ya sunkuya yana laluben filafili a ƙarƙashin benci, ya fito da kwalbar turare. Na ciro wayata, babu sabis a bayan tsibirin. Kogi kuwa bai tsaya jiran shawararmu ba. Ya ɗauke mu a hankali, ya fitar da mu tsakiya inda ruwa ya fi ƙarfi, ya nufi ƙasa da mu. Ƙasa da tasharmu kaɗan akwai duwatsun da ruwa ke tafasa a kansu, waɗanda ko masu inji biyu lafiyayyu suke kewaye wa daga nesa. Tun daga inda muke nake jin kamar ina jiyo rurinsu.

Dogon Baba ya cire takalminsa ya fara tuƙi da shi. Ma'aji ya karɓi fayil ɗina ya kama ɗaya gefen. Jirgin ya juya sau ɗaya a wuri guda, ya ci gaba da tafiyarsa.

Da rumfar ƙungiya ta bayyana daga nesa, cike maƙil da mutane, sai na ga wani haske ya sauko wa Kawu a fuska. Ya gyara hula.

"Kowa ya natsu. Baba, mai da takalminka. Duk wanda ya yi ihu a jirgin nan ya ci amanata. Ruwa zai kai mu gaɓa da kansa, na lissafa."

Ruwa bai ga lissafin ba. Ta tsakiya ya bi da mu, nesa da gaɓa kamar tsawon filin ƙwallo. Jama'a suka taso bakin ruwa suna nuna mu. Kawu ya hau kan benci, ya buɗe hannuwa.

"'Yan'uwana masunta! Kun ji ƙara? Kun ga hayaƙi? Wannan shi ne shugabancin da nake yi muku alkawari! Tafiya ba hayaniya!"

Wallahi aka tafa masa. Waɗanda aka yi wa aski har da fito. Muka zo daidai rumfa yana bayanin shirinsa na shekara biyar, muka gota rumfa yana kan shekara ta biyu. Dogon Baba ya cire hula yana kaɗawa da duk ƙarfinsa, 'ya'yansa da surukansa goma sha huɗu suka cire nasu suna kaɗa masa. Ma'aji ya bar tuƙi ya koma salati. Ni kuwa na hango farin kumfa a gabanmu, sai na ji wata murya da ban san ina da ita ba ta fito daga bakina.

"Wayyo Allah! Ku cece mu! Batir ya mutu!"

"Murna ce!" Kawu ya ƙwala wa gaɓa. "Yaro ne, bai saba ganin nasara ba!"

A duk taron nan mutum ɗaya ne bai tafa ba. Sannu-Sannu yana zaune a rumfa, sakataren ƙungiya ya buɗe littafi zai fara kiran suna, sai dattijon ya ce, a hankali kamar yadda ya saba, shi dai tun da yake bai taɓa ganin jirgi mai lafiya yana tafiya a kaikaice ba. Ya tashi ya sauka gaɓa. An ce ranar ce aka fara ganin gudunsa. Ya ja igiyar injinsa sau uku, hayaƙi ya turnuƙe, ya biyo mu.

Ban san tazarar da ta rage tsakaninmu da duwatsun ba, domin idona a rufe yake, na rungume ƙafar Ma'aji. Na dai ji feshin ruwa a wuyana, na ji warin baƙin mai, wanda har gobe ban san ƙamshin da ya fi shi ba. Igiya ta faɗo cikin jirgi. Dogon Baba ya cafke ta ya ɗaure.

"Sannunku da hutawa," in ji Sannu-Sannu. "Injiniya, a ja ku, ko kuna cikin gwaji ne?"

"Ka iya ja," in ji Kawu. "Dama ina so in ga ƙarfin injin naka."

Haka aka shigo da mu tasha a ɗaure, cikin hayaƙin da aka yi alkawarin mayarwa tarihi, Kawu yana tsaye a gaba yana ɗaga wa jama'a yatsa ɗaya, yana tari.

Wani zai ɗauka a nan mutum zai nemi hanyar gida ta bayan rumfa. Wannan bai san manyan mutane ba. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya wuce gaban sakatare, rigarsa jiƙe, tabarau a karkace, ya nemi a ba shi dama kan batun doka.

"Ina so a rubuta. Lokacin da aka buɗe littafi, abokin takarata ya bar rumfa. Kowa ya gani. Doka ta ce wanda ba ya nan ya faɗi. Ni ba na son in ci zaɓe ta wannan hanya, amma doka ta fi ƙarfina."

Sakatare ya tambaye shi, cikin ladabi, shi a ina yake a lokacin. Kawu ya ce yana kan hanya, kuma kowa shaida ne ya wuce ta gaban rumfa. Dogon Baba, wanda har lokacin takalminsa ɗaya ne a ƙafa, ya ce a bar maganar doka, tunda Allah ya sa duka 'yan takarar suna raye a kira suna yanzu. Aka kira. Aka ce masu son Sannu-Sannu su ɗaga hannu. Rumfa ta zama kamar gonar dawa. Ma'aji ya ɗaga biyu, aka ce ya sauke ɗaya.

Aka ce masu son Injiniya. Kawu ya ɗaga nasa, a miƙe, kamar soja. Ya waiwaya hagu, ya waiwaya dama. Ni ba ɗan ƙungiya ba ne, na gode wa Allah da hakan. Can a ƙarshen rumfa sai ga hannu ɗaya ya tashi, baƙi ƙirin da man inji. Mai gyaran injinan tashar ne.

Kawu ya ratsa taro ya je ya kama hannun nan da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Ku gani! Duk tashar nan mutum ɗaya ne ya san fasaha. Gaya musu, ɗan'uwa. Gaya musu abin da ka hango a tare da ni."

Mai gyara ya goge hannunsa a wando, yana 'yar jin kunya.

"Ranka ya daɗe, ni dai na ji ka ce in ka hau, kowane jirgi sai an haɗa shi yadda ka haɗa naka. To ni 'ya'yana tara, kuma aiki ya yi ƙasa bana."